Milimita Ɗaya: Yadda Na Yi Wa Gilashin Kawu Ƙazafi

A watan da Kawu ya yi ritaya, a shekarar 2015, ya aika a kira ni gidansa da ke cikin birnin Kano. Na same shi zaune a kan darduma, ya baje tsofaffin takardu yana tantance na ajiyewa da na ƙonawa. Bayan mun gaisa ya jawo wata jakar fata da ta bushe har ta fara tsagewa, ya tura mini ita da ƙafar sandarsa.

Ya ce, "Kai ne mai son hoto a gidan nan. Ɗauki. Ni idona ya fara gajiya."

A cikin jakar akwai kyamarar Zenit-E, mai nauyi kamar dutsen niƙa, da gilashinta a ɗaure a baki: Helios 44-2, mai tsawon gani milimita 58. Kawu ya saye su a Mosko lokacin da yake karatun injiniya a Jami'ar Patrice Lumumba, a zamanin da Tarayyar Sobiyat take ɗaukar ɗaliban Afirka da yawa. Ya dawo gida a 1980 da digiri, da harshen Rashanci da bai sake samun abokin hira da shi ba, da wannan jaka. Kusan duk wani tsohon hoto na danginmu ta cikin gilashin nan ya bi: auren iyayena, sunana, kakarmu a bakin rijiya tana hararar mai ɗauka, da Dutsen Dala daga saman soron gidan, tun unguwar ba ta cika da dogayen gine-gine ba.

Ita kyamarar ta riga ta mutu. Labulen ƙyallen da ke buɗewa ya rufe a lokacin ɗauka ya ruɓe, kuma ko da an gyara shi, samun fim da mai wanke shi a Kano ya zama aiki. Amma gilashin lafiyarsa lau: ba tsaga, ba fumfuna, zoben saitinsa yana juyawa sumul. Ni kuwa ina da Nikon D3200 da nake yawo da ita a ƙarshen mako. Sai na yi tunanin da kusan kowane mai son hoto yake yi wata rana: me zai hana in ɗaura wannan a kan waccan?

Na yi odar wani siririn zoben ƙarfe, wanda masu sana'a ke kira adafta. Gefe ɗaya yana karɓar gilashin Rasha, wanda ake murɗawa kamar murfin kwalba. Ɗaya gefen yana shiga bakin Nikon ya kulle. Ranar da ya iso na haɗa su, suka zauna daram kamar don juna aka yi su. Na hau soron Kawu da la'asar don in maimaita hoton da ya ɗauka shekara talatin da suka wuce. Na gwada a kan tukunyar ruwa da ke gabana, ta fito tangaran. Na ɗaga kyamarar na fuskanci Dala, na murɗa zoben saiti har ya kai ƙarshensa, inda aka zana alamar nesa marar iyaka. Dutsen ya tsaya dishi-dishi kamar ana kallonsa ta cikin hazo, alhali sararin sama fes yake. Na sake gwadawa sau goma. Duk abin da ya wuce taku uku daga inda nake tsaye, gilashin ya ƙi ganinsa.

Na sauko na ce wa Kawu, "Gilashin nan ya lalace. Dama kayan Rasha ba su da ƙarko."

Bai yi gardama ba. Ya karɓa ya juya shi a hannunsa, ya hura masa iska, ya miƙo mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shekara talatin da biyar bai taɓa ba ni kunya ba." Daga nan ya shiga wata maganar. Magana zarar bunu ce. Na lura a ziyarce-ziyarcen da suka biyo baya bai ƙara tambayata labarin hoto ba, shi da ya saba sai na nuna masa abin da na ɗauko. A lokacin na ɗauka tsufa ne. Daga baya na gane cewa na taɓa wani abu da ya fi ƙarfe da gilashi: na raina shekaru shida na ƙuruciyarsa a cikin sanyi, da abu ɗaya tak da ya rage masa daga cikinsu.

Bayan wasu watanni na kai gilashin wajen wani dattijo mai gyaran kyamara a wani lungu na Sabon Gari, da niyyar ya buɗe shi ya gyara. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi kyamarar da na ɗaura shi a kai. Da na faɗa sai ya yi murmushi, ya ajiye sukudireban da ya ɗauka.

Ya ce, "Yallaɓai, ba abin da zan gyara. Gilashinka ƙalau yake. Ka zaunar da shi ne nesa da inda ya kamata."

Na ce, "Baba, ai ya shiga ya zauna daidai."

Ya ce, "Shiga daban, zama daban." Ya ɗauko takarda ya rubuta lambobi biyu, 45.46 da 46.5, ya ja layi a ƙarƙashinsu. "Tsakanin waɗannan matsalarka take."

Tazarar da ba a gani

Abin da dattijon nan ya koya mini a minti goma shi ne ginshiƙin wannan al'amari baki ɗaya, kuma da na san shi da ban yi wa Kawu waccan maganar ba.

Aikin gilashin kyamara shi ne ya tattara hasken da ke fitowa daga abin da ake kallo, ya haɗe shi a wuri ɗaya a bayansa. A daidai wannan wuri ne fim yake zama a da, yanzu kuma farantin lantarki mai ɗaukar haske, wato sensa. Idan abin da ake ɗauka yana kusa, hasken yakan haɗu can baya, don haka sai an tura gilashin gaba; shi ya sa za ka ga tsohon gilashi yana ƙara tsawo in ana saita shi a kan abu na kusa. Idan abin yana nesa, sai gilashin ya ja baya ya matso kusa da farantin. Matsayin da ya fi kowane matsowa ciki shi ne na nesa marar iyaka: dutse, wata, ƙarshen titi.

Kowane kamfani ya tsayar da tazara ƙayyadajjiya tsakanin bakin kyamararsa, inda gilashi ke zama, da fuskar fim ko sensa. A kan wannan tazara ake ƙera duk gilasan kamfanin. Bakin M42, wanda Helios yake amfani da shi, tazararsa milimita 45.46 ce. Bakin Nikon F kuwa, wanda ya fito a 1959, tazararsa milimita 46.5 ce. Wato ko da zoben da na saya ba shi da kauri ko kaɗan, gilashin Kawu zai zauna milimita ɗaya gaba da mazauninsa na asali. Ga shi kuma zoben yana da nasa kaurin, wanda ya ƙara tura shi.

Milimita ɗaya bai kai kaurin kwabo ba, amma a lissafin haske babban abu ne. Akwai ƙiyasi mai sauƙi: ka ninka tsawon ganin gilashi da kansa, ka raba da yawan turawar da aka yi masa, za ka sami kusan iyakar nisan da zai iya gani sarai. Milimita 58 sau 58 ya ba da 3,364. In an raba da ɗaya, mita uku da 'yan kai ke nan. In kaurin zobe ya mai da turawar milimita biyu, nisan ya koma ƙasa da mita biyu. Abin da na gani a soro ke nan: tukunya ta fito, Dala ta ɓace. Na mai da gilashin mai gajeren gani da hannuna, sannan na dawo ina zarginsa.

Daga nan ƙa'ida ta fito: gilashi zai iya aiki a kan kyamarar wani kamfani ta hanyar zobe marar komai a ciki idan tazarar gilashin ta fi ta kyamarar tsawo. Zoben sai ya cike gibin. Idan kuwa ta kyamarar ce ta fi tsawo, galibi babu zoben da zai taimaka, don ba a ƙera ƙarfe mai kaurin da ya gaza sifili.

Shi ya sa gilashin Nikon yake hawa kan Canon mai bakin EF, wadda tazararta milimita 44 ce, da zobe mai kaurin milimita 2.5, amma gilashin Canon ba ya hawa kan Nikon F. Shi ya sa kuma a zamanin kyamarori masu madubi aka san Canon EF da karɓar baƙi: M42, da Olympus OM mai 46, da Contax mai 45.5, duk suna samun wurin zama. Nikon F ita ce mai wuyar sha'ani, saboda tazararta ta fi ta yawancin takwarorinta. Ana sayar da zobe mai ɗan gilashi a ciki da ke gyara wannan saɓani, na kuma saya na gwada. Dala ta dawo, amma hoton ya yi laushi kamar an shafa masa man shanu, musamman in an buɗe ƙofar haske duka. Ɗan gilashi mai araha ya shiga tsakani ya ɓata aikin gilasai shida da ke cikin Helios.

Abin bai tsaya tsakanin kamfani da kamfani ba. A 1987 Canon ta yi watsi da tsohon bakinta na FD, mai tazarar milimita 42, ta koma EF mai 44. Waɗanda suka tara gilasan FD na shekaru suka wayi gari kayansu ba sa hawa sababbin kyamarorin kamfanin da suka saya a wajensa. Pentax kuwa da ta bar M42 a 1975 ta koma bakin K, sai ta riƙe tazarar 45.46 yadda take, don tsofaffin gilasai su ci gaba da aiki da ɗan zobe mai nutsewa cikin baki. Tazarar lissafin haske ce, amma zaɓen lambar shawarar mutane ce.

Da aka cire madubi

Me ya sa tun farko tazarar ta kai milimita arba'in da wani abu? Saboda madubi. A cikin kyamara irin Zenit ko Nikon ɗina akwai madubi a karkace tsakanin gilashi da fim, wanda ke tura hoto sama zuwa tagar da mai ɗauka ke leƙawa. In an danna maɓalli sai ya ɗaga sama, haske ya wuce, ya dawo. Wannan ƙarar "ƙwas" da muka saba ji a wajen biki tasa ce. Dole a bar masa filin da zai yi lilo ba tare da ya bugi bayan gilashi ba.

A 2008 Panasonic da Olympus suka fito da tsarin Micro Four Thirds, wanda ya cire madubin ɗungum: sensa ce ke kallo kai tsaye, tana nuna hoton a allo. Tazara ta faɗo zuwa milimita 19.25. Sony ta biyo da bakin E a 2010, mai milimita 18, sannan a 2013 ta sa masa sensa mai girman fim na da, milimita 36 da 24, a kyamarar a7. Fujifilm X tana da 17.7. A 2018 manyan biyu suka sallama: Canon ta fito da RF mai milimita 20, Nikon ta fito da Z mai 16. Abin dariya, Nikon da ta fi kowa ƙin baƙo ta koma wadda ta fi kowa karɓarsa, har ana ƙera zobe mai kaurin milimita biyu da ke ɗora gilashin Sony a kanta.

Ba don a farfaɗo da tsofaffin gilasai kamfanonin suka cire madubi ba; ƙanƙanta da sauƙin ƙira suke nema. Amma sakamakon shi ne kusan duk gilashin da aka ƙera wa kyamarar fim a ƙarni na 20 ya sami sabon gida. Gilasan FD da Canon ta mai da marayu suka fito daga akwatuna. Na Minolta, na Pentax, na Leica mai tazarar 27.8, na Jamus ta Gabas, na Sobiyat, duk buƙatarsu bututun ƙarfe mai tsawon da ya dace.

A 2018 na sayar da Nikon ɗina na cika kuɗi na sayi Sony a6000 ta hannu. Zoben da gilashin Kawu yake buƙata a kanta tsawonsa 45.46 a debe 18, wato milimita 27.46. Babu gilashi a cikinsa, babu waya, bututu ne kawai baƙi, kuma kuɗinsa bai kai na man mota na mako ɗaya ba. Da na haɗa, kyamarar ta ƙi ɗauka, domin a ganinta babu gilashi a bakinta. Sai da na shiga saitunanta na ba ta izinin ɗauka "ba tare da gilashi ba". Na leƙa ta taga na saita a kan wata hasumiyar masallaci mai nisa. Ta fito har ana ƙirga tsagin lasifika.

Katanga ta biyu

Cewar da kyamarar ta yi babu gilashi a bakinta ita ta kai ni ga fahimtar katanga ta biyu, wadda ta fi ta farko wuyar tsallakewa.

Helios kurma ne kuma bebe. Komai nasa da hannu ake yi: zobe ɗaya na saiti, biyu na ƙofar haske. Ba ya buƙatar komai daga kyamara sai wurin zama. Gilashin zamani ba haka yake ba. Tun daga bakin EF na 1987, wanda ya yanke duk wata alaƙar ƙarfe tsakanin gilashi da gangar jiki ya mai da ita ta lantarki, gilashi ya zama ƙaramar kwamfuta. A bayansa akwai 'yan ƙananan ƙarafa masu ruwan zinare. Ta nan yake karɓar wuta, yake jin umarni, yake faɗin sunansa da matsayinsa. In ka ɗora gilashin EF a kan bututu marar waya, ko ƙofar haskensa ba za ka iya rufewa ba. Yawancin gilasan kyamarori marasa madubi sun fi haka dogaro: zoben saitinsu ba ya motsa komai da kansa, saƙo kawai yake aika wa wani ɗan inji. In babu wuta da yaren da ya dace, gilashin ya zama abin danne takarda.

Kowane kamfani da yarensa. Don haka adaftar zamani ba bututu ba ce kawai, tafinta ce: tana da ƙwaƙwalwa da ke jin yaren Sony ta juya shi zuwa na Canon. Kamfanoni irin su Metabones da Sigma sun yi suna a wannan aiki, kuma masu ɗaukar bidiyo da yawa da suka koma Sony da gilasansu na Canon suka tafi ta wannan hanya. Amma tafinta ba ya kai mai yare. Saitin da kyamara ke yi da kanta yakan yi nawa, ko ya riƙa kai-komo a wuri mai duhu, kuma sabunta manhajar kyamara kan iya rikita abin da jiya yake aiki.

Nan ne siyasar kasuwa take. Wanda ya sayi kyamara ya sayi abu ɗaya. Wanda ya tara gilasai biyar ya yi aure. Kamfanoni sun san haka, kuma kowanne da yadda yake riƙe ƙofarsa. Sony ta buɗe bayanan bakin E ga sauran masu ƙera gilashi tun 2011. Leica da Panasonic da Sigma suka haɗa kai a 2018 a kan baki ɗaya, L, don gilashin kowannensu ya hau kyamarar ɗan'uwansa ba tare da zobe ba. Canon ta daɗe tana tsare bakin RF, sai a 2024 Sigma da Tamron suka sanar da gilasai masu saita kansu da izininta, su ma na kyamarori masu ƙaramar sensa. Katangar farko ma'auni ne ke warware ta. Ta biyu tana hannun lauyoyi da masu hannun jari.

Wannan ya sa nake kallon gilashin Kawu da wani ido. Ƙasar da ta ƙera shi ta rushe a 1991. Kyamarar da aka yi shi dominta ta mutu. Fim ɗin da aka auna shi a kansa ya zama kayan marmari. Shi kuwa yana nan yana aiki, saboda bai dogara da izinin kowa ba. Gilashin zamani da na saya da kuɗi mai yawa ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, amma rayuwarsa a ɗaure take da wani yare da kamfani zai iya daina yi. Shi kansa Helios ɗin aro ne: an kwaikwayi ƙirarsa daga Biotar na kamfanin Zeiss da ke Jena, wanda Sobiyat ta kwashe injunansa bayan Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin diyya. Ƙirar Jamus, aikin Rasha, gangar jikin Japan, a hannun Bakano.

Abin da ake biya

Kada in bar mai karatu da zaton cewa abin duk riba ne. Na farko, girman sensa yana canza abin da gilashi ke gani. Ta a6000 ta fi fim ƙanƙanta, don haka tsakiyar hoton kawai take kamawa. Milimita 58 sai ya yi gani irin na 87. Wannan ya dace da hoton fuska, amma a ɗaki ƙarami sai ka rasa inda za ka ja da baya. Sannan abin da aka fi son Helios dominsa, wato yadda yake murɗa bayan hoto ya yi kamar guguwa in akwai ganyaye da haske, a gefe-gefe yake fi bayyana, kuma gefen ne ƙaramar sensa ke yankewa. Akwai adafta mai gilashi da ke matse hoton ya koma kusan yadda yake, kamar Speed Booster da Metabones ta fitar a 2013, mai rage tsawon gani zuwa kashi 0.71 tare da ƙara haske, amma mai kyau ta fi tsohon gilashin tsada sau da yawa.

Na biyu, zobe mai araha ba kullum yake da daidaiton awo ba. In ya yi tsawo da ɗan kaɗan, ka koma matsalata ta soro. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, rabin hoto zai fito, rabi ya dushe. Kuma duk sanda ka cire gilashi a kyamara marar madubi, sensa a tsirara take. Wanda ya yi haka a waje cikin ƙurar hunturu zai ga sakamakon a kowane hoto.

Na uku shi ne wanda na biya da tsada. A bikin ƙanwata na yi taurin kai na ce da gilashin Kawu kaɗai zan ɗauki komai, don tarihi ya maimaita kansa. Kyamarar tana taimakawa: tana shafa launi a gefen duk abin da ya saitu, tana kuma ƙara girman wuri don a duba. Hotunan da aka tsaya aka yi sun yi kyau ƙwarai. Amma lokacin da aka fito da amarya bayan magariba, mata suna guɗa, mahaifiyarmu ta riƙe hannunta na daƙiƙa biyu ko uku a bakin zaure kafin ta sake ta. Ina murɗa zobe ina neman saiti, lokacin ya wuce. Abin da na samu inuwoyi biyu ne masu dishi-dishi. Wani yaro da wayar hannu ya fi ni samun hoton. Har yau in ƙanwata ta tuna sai ta yi mini tsiya, kuma tana da gaskiya. Wanda hoto ne abincinsa, aka biya shi ya ɗauki biki, ya riƙe gilashin da ke jin yaren kyamararsa. Tsohon gilashi na wurin da lokaci ke jira ne.

To me ya sa mutane ke wahalar da kansu? Wani don araha: matashin da ke fara sana'a zai iya samun tsohon gilashi mai buɗaɗɗiyar ƙofar haske a kan kaso kaɗan na kuɗin sabo. Wani don kada ya yi asarar abin da ya tara in ya sauya kamfani. Wani kuma don abin da babu shi a wani wuri. Stanley Kubrick, da zai ɗauki wasu sassan fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir kaɗai, ya samo gilashin Zeiss mai ƙofar haske f/0.7 da aka ƙera wa hukumar NASA, ya sa injiniya Ed DiGiulio ya sassaƙe kyamarar Mitchell har gilashin ya iya matsowa kusa da fim yadda yake buƙata. Matsalarsa irin tawa ce, tazara. Bambancin shi ne ya san laifin ba na gilashi ba ne. A zamaninmu kuma Greig Fraser ya yi amfani da tsofaffin gilasan Sobiyat da aka sauya wa riga, har da Helios, a wasu sassan fim ɗin The Batman na 2022. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga mai son gwadawa, tambayoyi uku sun isa kafin ya fitar da kuɗi. Nawa ce tazarar gilashin, nawa ce ta kyamarar, kuma wace ta fi? Gilashin yana da zoben ƙofar haske da na saiti na hannu, ko sai da wuta? Kuma abin da za a ɗauka zai tsaya ya jira?

Soro

Bayan bikin da 'yan makonni na je gidan Kawu da kyamarar a wuya. An yi masa aikin yanar ido ba da daɗewa ba, ganinsa ya dawo fiye da yadda muka zata. Na ce masa ina da laifin da zan amsa. Na ba shi labarin dattijon Sabon Gari, na rubuta masa lambobin nan biyu a bayan ambulan. Injiniya ne, kallo ɗaya ya yi musu ya gane.

Ya ce, "Wato milimita ɗaya ce ta sa ka zagi ƙasa guda."

Na ce, "Ita ce, Kawu. A yafe mini."

Ya yi dariya har da tari. Ya nuna idonsa na dama ya ce, "Ni ma ai gilashin wani kamfani likita ya sa mini a nan. Sai da ya auna kafin ya sa. Kai ne ka sa kafin ka auna."

Ya dage sai ya hau soron da kansa, ina riƙe da hannunsa a matakala. Na miƙa masa kyamarar. Bai kula allon ba, bai tambayi maɓallan ba. Yatsunsa suka tafi kai tsaye kan zoben saiti, suka murɗa shi zuwa ƙarshe, sannan suka rufe ƙofar haske zuwa 8, kamar jiya ya ajiye shi. Gine-gine sun tare rabin Dala, amma samanta yana nan, da mutane biyu tsaye a kai. Ya daɗe yana leƙe kafin ya danna.

Hoton yana rataye a falona kusa da wanda ya ɗauka a 1985. Wanda bai sani ba zai ce birni biyu ne. A bayanan da kyamarar ta adana tare da hoton, wurin sunan gilashi babu komai, don har yanzu a ganinta ba a ɗaura mata komai ba a ranar. Ni na rubuta sunan da biro a bayan firam ɗin, tare da sunan wanda ya ɗauka.